Muhawara: Zuma kaɗai ta isa ta warkar da gyambo?

Mai harhaɗa magani: Ni dai ina nan kan bakana, zuma ta fi ƙwayoyin sha aiki a kan gyambon da ya ƙi warkewa. Ƙwayoyin cuta sukan taru su lulluɓe kansu da wani yauƙi, bayofim, wanda maganin sha da na allura ba sa ratsa shi sosai. Zuma kuwa sukari ne kusan kashi 80 cikin 100, tana zuƙe musu ruwan jiki, ga tsami, ma'aunin tsaminta, wato pH, tsakanin 3.2 da 4.5.

Likita: Malam, wannan a kwanon gwaji ne. Ciwon mutum yana tsatsafo da ruwa, ya tsinka zumar cikin awoyi. Kuma haidirojin feroksaid, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da zuma ke fitarwa, sinadarin katales na jiki yana rusa shi. Shi ya sa aka fi raja'a ga zumar manuka ta Niyu Zilan, don ƙarfinta yana cikin wani sinadari, metilgilayoksal, wanda katales ba ya taɓawa. Bitar 2015 ta Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, ta ga zuma na gaggauta warkewar ƙunar da ba ta yi zurfi ba da kwana 4 zuwa 5, amma a gyambon ƙafa na jijiyoyin jini hujjar ba ta fito fili ba.

Nas: Ku duka kun tsallake matakin farko. In ba a kankare mataccen nama da yauƙin ba, ko me aka shafa a sama zai tsaya. A wanke da ruwan gishiri na asibiti, a kankare, sannan a zuba zuma kamar mililita 20 a kan bandeji mai faɗin santimita 10 da tsawon 10, a ɗora, a rufe da wani mai shanye ruwa. Ya jiƙe, a canja, ko da sau biyu a rana ne. Yauƙin yana sake haɗuwa cikin kwana 1 zuwa 3, don haka kankara ɗaya ba ta wadatar ba.

Mai harhaɗa magani: Sista, ai kin goyi bayana ke nan.

Nas: Rabi dai, Malam. Kuma zumar asibiti nake nufi, wadda aka tsarkake da hasken gama, wani haske mai kashe ƙwayoyin cuta. Ɗanyar zuma tana iya ɗauke da ƙwayayen Clostridium, wata ƙwayar cuta mai haɗari.

Likita: In mugunyar ta yi kore tana wari, a zargi ƙwayar cutar Pseudomonas. Nan ruwan khal ya fi: asid ɗinsa kashi 1 cikin 100 ake so, wato a tsarma khal mai kashi 5, awo 1 da ruwa mai tsabta awo 4, a jiƙa bandeji a ɗora. In ya fi haka ƙarfi yana zafi, yana cin sabon nama. Ɗanyar tafarnuwa kuwa kada a fara, ƙona fata take yi.

Mai harhaɗa magani: To mai ciwon suga fa, Likita?

Likita: A nan ne ba zan sassauta ba. Ja yana yaɗuwa, ko zazzaɓi, ko ƙashi ya bayyana, cutar ta wuce inda zuma ke kaiwa. Sai an duba gudun jini a ƙafar, an ba shi maganin sha ko allura a ranar.