Masu shan maganin tsinka jini, wa ya samu komawa fili?

Lamba Tara: Salam 'yan uwa. Na karye a ƙwallo aka sa min filasta, bayan an cire sai sharaɓata ta kumbura tana zafi tana zogi, aka yi hoton Doppler mai duba gudun jini a jijiya aka ce jini ne ya daskare a jijiya. Yanzu ina kan maganin tsinka jini Xarelto, likita ya ce aƙalla wata 3 kuma ban da ƙwallo. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda aka ƙare.

Ɗan Gola: Allah ya ƙara sauƙi ɗan uwa. Ni warfarin aka ba ni saboda ya fi araha, amma sai da na fara da allurar Clexane a fatar ciki, ita ma ta tsinka jini ce, kuma wahalarsa ita ce gwajin INR, wato awon yadda jini ya tsinke, kullum kana hanyar lab ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3, in ka narki miyar alayyahu ko kwaɗon zogale sai lambar ta sauka, likitan ya ce ba wai in daina ci ba, kar dai yau tuli gobe babu. Gudu da keke ya bar ni in yi. Tsaron gida kuwa sai da na gama maganin ya kuma sa na jira ya fita daga jikina. Na koma, alhamdulillah.

Bahago: Lamba Tara, kai naka mai dalili ne, karaya ce ta kawo. Nawa haka kawai ya zo, ya dawo karo na biyu har huhu, numfashi ya gagara, tari da jini. An ce magani har ƙarshen rayuwa. Dambe kuwa shi ke nan, don abin tsoron ba tsagewar gira ba ne, naushi ɗaya a ka jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa ba wanda ya gani. Yara nake koya wa yanzu. Chris Bosh, ɗan ƙwallon kwandon ƙungiyar Miami Heat, ma da duk likitocinsa, 2015 ya same shi a huhu, 2016 ya dawo masa, wasansa a gasar NBA ta Amurka ya ƙare.

Ɗan Gola: Amma Wembanyama fa, shi ma ɗan ƙwallon kwando ne, Fabrairun 2025 aka gano nasa a kafaɗa, ya bar sauran kakar, ya dawo wasa. Kowa da irin nasa.

Anti Taekwondo: Nawa ƙwayar tazarar haihuwa ce ta jawo, aka canza min hanya. Lokacin ina kan Eliquis, shi ma maganin tsinka jini ne, ko gefen gado na buga sai wurin ya yi baƙi, dasashi na jini in na yi burushi, al'ada kuma ba a magana. Atisaye da jakar duka kawai nake yi, ban haɗa jiki da kowa ba sai da aka sallame ni. Ƙanina ka kiyayi diclofenac da ibuprofen ɗin kemis, ƙara zubar jini suke yi.

Lamba Tara: To Anti in ƙafar ta dame ni da dare me zan sha?

Anti Taekwondo: Ni farasitamol aka ce min, amma kira likitanka ka ji daga bakinsa.