"White elephant": ina ruwan giwa da masana'antar ƙarfe?

Mai Koyon Fassara:
Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina koyon aiki a sashen labarai na wani gidan rediyo. Jiya aka miƙo mini labari da Turanci a kan masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta, wadda aka fara ginawa tun 1979, marubucin ya kira ta "white elephant project". Ni kuwa na kwaso shi yadda yake, na rubuta "aikin farar giwa". Edita ya karanta, ya cire tabarau, ya ce in hau mota in je Yankari in nemo masa farar giwar. Kowa ya yi ta dariya, ba wanda ya yi mini bayani. Don Allah me ake nufi, kuma daga ina maganar ta samo asali?

Tsohon Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam, ɗana. Da ɗan gari akan ci gari, gara da ka tambaya. Turawa suna faɗin haka ne ga abin da aka kashe wa dukiya, riƙonsa yana ci gaba da cin kuɗi, amfaninsa bai taka kara ya karya ba, kuma rabuwa da shi ta gagara. Ka lura da na ƙarshen nan, shi ne ƙashin bayan maganar.

Asalinta daga ƙasar Siyam ne, wadda ta koma Tailan a 1939. Mabiya addinin Buddha suna girmama farar giwa, don a labarinsu mahaifiyar Buddha ta yi mafarki da ita kafin ta haife shi. Duk inda aka same ta, ta sarki ce, ba a sa ta jan katako kamar sauran giwaye. Tsohuwar tutarsu ma ja ce da farar giwa a tsakiya, kafin ta yanzu da aka fara amfani da ita a 1917. To, wai idan bafade ya ɓata wa sarki rai, sai a ba shi farar giwa kyauta. Ba damar sayarwa, ba damar sa ta aiki, ga ci kamar gara. A hankali sai ta cinye gidan.

Ɗan Tarihi:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma a bar wannan "wai" ɗin a wurinsa. Zancen bafaden nan a bakin Turawa ya yaɗu. Su mutanen ƙasar daraja suke gani a wurin dabbar, har babbar lambar girmamawa suke da ita mai sunanta tun 1861. Kuma giwar ba fara ba ce fat, fatarta ce ke da haske da ɗan ja-ja. A 1884 wani Ba'amurke mai wasan nuna dabbobi, P. T. Barnum, ya sa aka kawo ɗaya daga ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, aka nuna ta a Landan. Jama'a suka yi cincirindo, sai ga giwa mai ruwan toka da dabbare-dabbare. Aka watse ana tsaki.

Inna Mai Ɗinki:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na san abin nan tun ina yarinya. Wani basarake ya ba kakana doki. Gida ya cika da guɗa. Ba a rufa wata biyu ba kakata ta fara ƙorafi, dawar tuwonmu ce ake aunawa ana zuba masa, ga harawa, ga dusa, ga kanwa, ga yaron da ke yanko ciyawa. Sau biyu a shekara ake hawansa, ƙaramar sallah da babba. Sayar da kyautar sarki kuwa abin kunya ne. Kakata ba ta taɓa kiransa doki ba, sai dai "ƙadangaren bakin tulu": a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Yaro, rubuta wannan ka kai wa editan naka.

Tsohon Malamin Turanci:
Hajiya ta fi mu gaskiya. In labarin ya matse, ka ce aikin ya zama alaƙaƙai, ko ya zama ramin zuba kuɗi. Amma kada gobe ka ga "the elephant in the room" ka ce ƙadangare ne. Wannan daban, babbar matsala ce da kowa ke gani, amma aka ƙi tayar da zancenta.

Mai Koyon Fassara:
Na gode Malam, na gode Inna. Ƙadangaren na saka, edita ya bar shi ya shiga labaran ƙarfe huɗu. Inna, yaya aka ƙare da dokin?

Inna Mai Ɗinki:
Shekara tara ya yi yana ci. Shi ya riga kakata gajiya.