Buhun abinci ko iri da taki? Muhawara kan gudummawar Borno

Alhaji Mai Wake, Mile 12:
Assalamu alaikum. Kafin mu raba kuɗin da muka tara a nan Legas don 'yan uwanmu na Borno, ina da magana, ba kuma kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina rabon abinci ya cutar da mutanen nan fiye da yadda ya amfane su. Manomin da ya saba cika rumbu an zaunar da shi a tanti shekara da shekaru, idonsa na kan katin karɓar abinci. Da Gwamna Zulum ya rufe sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri a ƙarshen 2021, har da na Bakassi, ya kuma hana ƙungiyoyi rabon abinci a garuruwan da aka mayar da mutane, daidai ya yi. Kada mu sayi buhu ko ɗaya. Iri da taki kawai.

Ɗan Gwoza, Agege:
Wa alaikumus salam. Alhaji, da girmanku, a ina za a shuka irin? Garinmu ya faɗa hannun Boko Haram a Agustan 2014, sojoji suka ƙwato shi a Maris ɗin 2015. An koma cikin gari, amma daji bai dawo hannunmu ba. Mahaifiyata tana hango gonarmu daga bakin ramin da aka haƙa kewaye da gari, ba ta isa ta taka ta ba. Ɗan filin da ke kusa da shingen soja kowa ke rububinsa, mai shi kuma sai ya karɓi haya. Ku tuna Zabarmari. Ranar 28 ga Nuwamban 2020 manoma suka fita yankan shinkafa a Koshebe, washegari aka yi jana'izar mutum 43. Noman da kuke faɗa shi suka fita yi.

Malama Mai Jinya, Idi-Araba:
Allah Ya jiƙansu. Alhaji, ni yara nake dubawa. Rahoton UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2021 ya ƙiyasta mutum 350,000 ne rikicin ya ci zuwa ƙarshen 2020, kuma 314,000 daga ciki ba harsashi ya kashe su ba, yunwa ce da cuta da rashin asibiti. Mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Idan aka zagaya wa yaro abin awo a damtse ya faɗa kan ja, wannan yaron ba zai jira kaka ba. Wata uku ne tsakanin shuka da girbi, me zai ci?

Alhaji Mai Wake:
Malama, ban ce a bar yaro da tamowa ba. Amma duk wanda ke harkar hatsi ya taɓa ganin buhun da aka rubuta ba na sayarwa ba ne a tsakiyar kasuwa. A 2017 fadar shugaban ƙasa da kanta ta ce kusan rabin motocin abincin da ake turawa ba sa isa. Sannan ku dubi 2025. Amurka ta janye kuɗinta, sai ga WFP, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana cewa za ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Baba Mai Banda, Ijora:
Ɗana Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce. Mutumin Baga ba mabaraci ba ne. Tun kuna yara bandar Baga ke zuwa Kurmi a kwali, mota bayan mota, har Legas da Anaca. Abin da ya karya shi ba buhun tallafi ba ne. An hana kamun kifi da safararsa tsawon shekaru, saboda 'yan ta'adda na karɓar haraji a Tafkin Chadi. Takin da kake so mu saya ma, an taƙaita shigar da yuriya Borno don ana haɗa bam da shi. A wasu wuraren an hana shuka dawa da masara kusa da gari, kada maharan su ɓuya a ciki. Ka buɗe wa mutum tafki da hanya da kasuwa, ka ga ko zai sake tsayawa layi cikin rana don kwano huɗu na gero.

Ɗan Gwoza:
Allah Ya ƙara girma, Baba. Kuma a tuna, gidaje da yawa mu da ke nan muke riƙe da su. Tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida na Legas a Yunin 2022, har da Ikeja da Apapa, abin da samarinmu ke turawa gida ya ragu sosai.

Alhaji Mai Wake:
Baba, na ji batun yuriya. To a sayi irin wake da gyaɗa, ba su da tsayi. Amma kan abinci ina nan kan bakana.

Malama Mai Jinya:
Ni kuma ina roƙon a ware sulusi ga gidajen da ke da marayu da masu shayarwa, a tura musu kuɗin hannu da hannu, su sayi abin da ya fi damunsu. Ƙanena na Gwoza, kira Mama yau da daddare ka tambayar mana ita: a unguwarsu gida nawa ne ke da filin da za su iya zuwa bana?

Ɗan Gwoza:
To Yaya. Idan sabis ya kama zan kira ta bayan Isha'i.