Musayar Waƙa: Duwatsun Gaɓar Ingila da Igiyar da Ta Ƙi Tufkuwa

Matafiyi: Salamu alaikum 'yan zaure. Kwana huɗu na yi a mota ina bin gaɓar tekun kudancin Ingila, daga Exmouth zuwa Studland, wajen kilomita 150. Tun 2001 UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya. Ga tsarabarku.

Na bar Exmouth da hantsi, teku a dama,
Ga jan dutse ja wur yana ta zubowa.
Hamada ce a da, tsatsa ta rine shi,
Yau ruwa ke cin gindinsa yana komawa.
A Lyme kuwa laka ce baƙa ƙirin,
Dodon-koɗi a ciki, nannaɗe, ba motsawa.
Can gabas farin alli ya tare hanya,
Shekara miliyan 185 ke nan nake ratsawa.

Sarkin Zambo:
Ƙanena, ka ƙona mai ka ƙona kwana,
Ka dawo da tsakuwa, ita ce ribarka?
Miliyoyin nan da kake ta lissafi,
Ko ɗaya ba ta leƙa aljihunka.

Matafiyi:
Yaya, tsakuwar nan da kake rainawa,
Ita ta riƙe Mary Anning da gidansu.
'Yar kafinta, tana da sha biyu a duniya,
Ta tono ƙashin dodon ruwa a gaɓarsu.
Malaman Landan suka saye suka yi suna,
Suka hana ta kujera a ƙungiyarsu.
Kai da kake zaune kana zambo,
Me ka taɓa tonowa, ban da asirin mutane da aibinsu?

'Yar Baiwa: Kai! Wannan ta shiga. Sarki, a sha ruwa a huta.

Ɗan Kore: Ina ta shiga? Ɗangon ƙarshen nan sai da na tsaya na ja numfashi a tsakiya. Ke dai ko tari Matafiyi ya yi sai kin ce waƙa ce.

Malam Aruli: Ɗana, ma'ana ta yi, ma'auni ne bai yi ba. Ɗango mai gaɓa 10, ka aura masa mai gaɓa 19. Kuma ta ina za a rera 185? Da an ce ɗari da tamanin da biyar ƙafar baitin ta karye.

Matafiyi: Na ji, Malam. Dama tafiyar duk gyara aka yi ta yi mini. A Bridport, garin da ake tufkar igiya da saƙa raga tun ƙarni na 13, har yau filayen da ke bayan gidajensu dogaye ne sirara, don a da a nan ake miƙe zare. Wani dattijo ya ɗora ni a kan aikin:

Sili uku, kowa a murɗe shi gefe guda,
In an gama su sai a juya ta baya.
Kowanne na so ya warware kansa,
Wannan jayayyar ce ke riƙe igiya.
Ni na murɗa duka hannu ɗaya,
Na saki ta watse, tsoho na ta dariya.

Sarkin Zambo: Afuwa, na makara. Ban gudu ba.

Igiya ta ƙi ka, baiti ya ƙi ka,
Wace sana'a ce za ta zauna da kai?
Turawan da in sun ce wuƙar Bridport,
Igiyar rataya ce, mai shiga ta kai.
Da kai ke tufka a wancan zamani,
Da kowane ɓarawo ya sauko da rai.

Ɗan Kore: Sarki ikon Allah! Ina 'Yar Baiwa? Ko caji ne ya ƙare?

'Yar Baiwa: Ina nan. Ya yi kai, ya sake kai, da ya rasa na uku ya ɗauko rai. Wannan ne sarkin naku?

Hajiya Masaƙiya:
'Ya'yana, ku bar tufka da warwara,
Wanda bai taɓa zare ba shi ke raina shi.
Ɗana, ka bi ta Beer ko ka wuce da gudu?
Ƙauyen da mata suka gwanance a leshi.
A 1840 Sarauniya Biktoriya ta yi aure,
Na jikin rigarta su suka saƙa shi.

Ga yadda ake leshin: matashin kai guda, allurai a kafe, 'yan sanduna ana sarƙa su ɗaya kan ɗaya. Yini ɗaya sai ka yi abin da bai kai tafin hannu ba. Ku zo ku gwada kafin ku yi wa yaro dariya.

Malam Aruli: Hajiya, a yi haƙuri in raba wancan. Maimaita kalma a amsa-amo aibi ne, amma in ma'ana ta bambanta an yafe. Kai na farko mutum ne, na biyu na bisa wuya. Sarki ya tsira a nan. Rai ɗin ne ban karɓa ba.

Ɗan Kore: Haba Malam. Kunne ya karɓa, kai ka ƙi?

Malam Aruli: Kunnen wa? Harafin k ya gina waƙar a kai, ya ƙare da r.

'Yar Baiwa: Atoh.

Ɗan Kore: To me ya sa ba ka taɓa baitin Hajiya ba? Raina shi, leshi, saƙa shi. Ai shi ma sau biyu ya zo, kuma ma'ana ɗaya.

Malam Aruli: Wannan lamiri ne, hukuncinsa daban. Kuma ni ba na gyara wa Hajiya a bainar jama'a.

Matafiyi: Jama'a, ni fa ban gama tafiyata ba. Hajiya, na tsaya a Beer, amma idona bai iya bin zaren ba.

A Chesil teku ce ke tankaɗen tsakuwa,
Na yamma ƙanana, kai ka ce ƙwayar wake.
Na gabas wajen Portland kamar dunƙulen hannu,
An ce masunci ko da dare ya laluba ya san inda yake.
Can na riƙe guduma da ƙarfen sassaƙa,
Farin dutse ne, cocin St Paul da shi aka gina take.
Na nufi kifi, na zana shi da kyau,
Bugu na uku wutsiya ta yanke.

Sarkin Zambo:
Kifi ba wutsiya, igiya ba tufka,
Gara da leshin ba a ba ka ba.

Sauran sai gobe.

Malam Aruli: Matafiyi, amsa-amonka ya zauna, sai dai "take" ɗin nan cusa shi ka yi. Shekara 35 aka yi ana ginin cocin.

Ɗan Kore: Malam, ban fa gamsu da maganar lamirin nan ba. A wane littafi?