Neman shawara: in aka cire x87 daga sababbin kwamfutoci, yaya zan yi da tsohuwar manhajata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tsohuwar manhajar lissafin ƙarfen gini, da yaren C aka rubuta ta, ko'ina long double ne a ciki, wato nau'in lamba mai ɗigo mafi faɗi a yaren. Ina shirin sayen sabuwar kwamfuta, sai ga raɗe-raɗin za a cire x87, tsohon sashen nan na processor mai lissafin lambobi masu ɗigo. Hankalina ya tashi, don da ita nake cin abinci. In sake rubuta ta, ko in nemi tsohuwar na'ura in ajiye?

Amsa ta ɗaya: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, Injiniya. Intel da AMD ba su cire shi ba. Tun 1980 yake nan, lokacin 8087 guntu ne daban mai nasa gurbin a allon kwamfuta, kafin processor ɗin Intel 486DX ta haɗe shi a cikinta a 1989. Ko shirin X86S na rage tsofaffin sassa, da Intel ta fito da shi a 2023, bai cire x87 ba, kuma an jingine shirin a ƙarshen 2024.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne, amma kada ka saki jiki, ɗan uwa. AMD ta yi watsi da 3DNow!, wani rukunin umarnin lissafinta, a 2010, kaya kan mutu in an daina amfani da su. Tun zuwan AMD64, tsarin bit 64, a 2003, wani sabon rukunin umarni mai suna SSE2 ke ɗaukar lissafin yau da kullum. Abin da ya rage wa x87 shi ne faɗin bit 80 da long double ke amfani da shi, alhali double, nau'in da aka saba, 64 ne.

Ni inda nake ji maka tsoro shi ne ARM, wani tsarin processor daban, can babu x87 sam. A Mac mai M1, wanda ARM ne, long double daidai yake da double. Manhajar za ta tashi lafiya lau, ba ƙorafi, amma lambobin ƙarshe na sakamakon na iya sauyawa ba ka sani ba.

Mai tambaya: Na gode, Yaya. To ta ina zan fara?

Amsa ta biyu: Kwafi manhajar, ka mayar da long double ɗin double, ka zuba mata ayyukan da ka riga ka san amsarsu. In bambancin a can bayan ɗigo na goma yake, ka huta. In babba ne, to akwai inda ake ɗebe lambobi biyu masu kusan girma ɗaya, ko ake tara kuskure a maimaici, can za ka gyara. Ka kuma duba abin da aka harhaɗa ta da shi, wato compiler: in na Microsoft ne na zamanin bit 32 zuwa sama, dama long double ɗinka bit 64 ne.