Kalangun kakanmu ya lalace a rataye, ta ina zan fara gyara?

Mai tambaya, ƙasar Ringim:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Kakanmu makaɗin fawa ne, shekara tara ke nan da rasuwarsa, kuma tun lokacin kalangunsa ke rataye a ɗakin shirgi. Jiya na sauko da shi. Ɓera ya cinye fatar ɗaya daga bakunansa biyu, ta ɗaya bakin tana nan amma ta bushe ƙayau, tsirkiya ta tsittsinke, ga tsaga kamar tsawon ɗan yatsa a jikin kangon kusa da baki. Samarin garinmu za su yi gayya a gonar Sarkin Noma, da kaka kuma su sa dambe, suna so in riƙa yi musu kiɗa. Zai gyaru, ko in haƙura in sayi sabo?

Masassaƙi, Dutse:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho. Ƙanena, kada ka kuskura ka yar da kangon nan. Icen da ya shekara da shekaru ya gama bushewa, ya gama motsin da zai yi, sabon sassaƙa kuwa sai ya sha hunturu ɗaya kafin a san halinsa. Kwance komai ka bar ice tsirara, ka ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. In ya amsa ƙwal, da ransa. In ka ji buf, ko gari na zubowa daga 'yan ramuka, ƙwaro ya ci cikinsa, sai haƙuri.

Tsagar kuma duba inda ta nufa. Wadda ta tsaya kusa da baki tana ɗinkuwa: kakkaɓe ƙurar ciki, kwaɓa garin katako mai laushi da farin gam na kafinta, cusa har ya cika, ka naɗe wurin tam da tsinken robar tayar keke, kwana biyu a inuwa. Sannan ka goge bakin da sanfefa har ya yi sumul, don kaushin baki shi ke yanka sabuwar fata. Wadda ta gangara har ƙugu, inda kangon ya tsuke, ba ta da magani, duk matsawa ɗaya za ta ƙara buɗewa. Mai, na gyaɗa ko na kaɗe, sai bayan gam ya kama. In ka riga ka shafa, gam ba zai riƙe ba.

Majemi, Wudil:
Fata biyun duka za ka sauya, kuma daga dabba ɗaya. Tsohuwa a wannan baki, sabuwa a wancan, kalangu ya zama mai murya biyu.

Nemi fatar ɗan akuya ƙarami. Ta bunsuru ta yi kauri, ta tunkiya kuma maiƙo gare ta, ba ta jure ja. Tsofaffi ma ta ɗan tayi suke so saboda sirantarta, sai dai samunta sai da sa'a. Ka ce wa mahauci ya feɗe da hannu, ka ɗaga ta a rana ka duba, ko ƙwarzanen wuƙa ɗaya ka gani ka bar ta, nan za ta fashe. Kada a sa mata gishiri, don fatar da ta sha gishiri tana jawo raɓa, da damina kullum a sake take. Kada kuma a jeme ta da bagaruwa. Jemammiyar fata ta takalmi ce da jaka, laushi gare ta amma ba ta amo.

Zuba toka kamar rabin mudu a bokitin ruwa, ka tsoma fatar. Washegari ja gashin ka gani. In yana tahowa cikin sauƙi, cire ta. In bai saki ba, ƙara kwana ɗaya, kada ta wuce haka, ruɓewa za ta fara. Kankare gashin da bayan wuƙa a kan turmin da aka kifa, juya ka cire sauran kitse, ka ɗauraye sau uku har santsin toka ya fita. Kafe ta da turaku a inuwa. Wajen yanka ka kauce wa layin gadon baya, ka fitar da da'ira ɗaya a kowane gefe, kowace ta zarce faɗin bakin kangon da yatsa uku. Jiƙa su kamar awa ɗaya, a naɗe a zoben baki a ɗinke da basilla. In hannunka bai saba ba, wannan ɗinkin ka kai wa baduku, shi ne kuma zai murza maka tsirkiya.

Wani ɗan zaure, Gumel:
Da damina fa igiyar leda ta fi, ba ta shan ruwa. Matasa da yawa ita suke sawa yanzu.

Majemi, Wudil:
Ba ta shan ruwa, gaskiya ne, amma tana yanka fata a wurin ɗinki, tana kuma goge hammata. Ta fata ita ke ba hannu amsa. Abin da ke kashe sabon ɗauri shi ne gaggawa. A zura tsirkiya sakwa-sakwa, tazarar yatsa ɗaya tsakaninsu, a bar fata ta bushe kwana biyu, sannan a riƙa ja kaɗan-kaɗan, nan da can daura da shi, don kada zoben ya karkace. In sanyin damina ya kwantar da muryar, minti goma a hantsi ya isa. Ban da gasa fatar a bakin wuta.

Dattijo makaɗi, Dambatta:
Ɗana, sun gama maka zancen ice da fata, saura abin da ya fi wuya. Kalangu magana yake yi. Ka matse tsirkiya a hammata, murya ta hau, ka saki, ta sauka, haka yake bin karin harshenmu. Gwada da kalma ɗaya: kukan yaro, gaɓa biyun a sama suke, kukar miya kuwa ta farko a sama, ta biyu a ƙasa. Faɗa da baki, ka buga. Ranar da na bayan katanga ya gane wacce ka buga, ka fara.

Sannan ka sani kowace sana'a da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne a asali, shi ya sa yake bin dambe, wasan da aka san 'yan fawa da shi, kuma da shi Ɗan Anace ya yi wa 'yan dambe waƙa. Maƙera dundufa, manoma gangar noma. A fili mai faɗi, mutum talatin sun duƙa, muryar kalangu ɗaya ba ta kai ƙarshen kunya. Nemi mai ganga ya riƙe muku ƙasa, kai kana sama kana kiran take. Saurin kiɗa kuwa daga hannun masu fartanya za ka ɗauka. In ka riga su, kafin azahar ka zubar da su.

Take ba a ƙirƙirarsa a fage. Je wurin Sarkin Fawan garinku da tsofaffin da suka yi zamani da kakanka, da ɗan goronka, su faɗa maka taken kowane gida da baki, ka naɗa a waya. Ka saurari faya-fayen Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ka bar waƙar ka bi kalangan kawai, ka ji yadda babba ke magana, ƙanana na riƙe masa gindi, ba mai hawa kan wani.

Wata uwa, Kazaure:
Yaro, kafin ranar ka sanar da mai unguwa, kuma da an kira salla a ajiye kiɗa. Taken sarauta ba a buga wa wanda bai da ita, ko nawa ya liƙa maka. Zuga gwani halal ɗinka ce, amma habaici ga wanda aka bari a baya a kunyar noma, shi ke sa a tashi gayya da sanduna, har gaba ta shiga tsakanin unguwanni. Kuɗin da aka samu kuma ku yanke yadda za a raba da mai ganga da maroƙi tun a gida.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ƙwanƙwasa, ƙwal ya ce, tsagar ma ba ta kai ƙugu ba. Sai dai ban ga makaɗin bugawa ba, Baba. Kowane lanƙwasasshen ice zai yi?

Dattijo makaɗi, Dambatta:
A'a. Mara nauyi za ka nema, kansa mai ɗan faɗi kamar kwabo, a goge shi sumul. Mai tsini ko mai nauyi a mako ɗaya zai huda maka fata. Ka sa a yi maka biyu, ɗaya na aljihu, don a wurin lanƙwasa suke karyewa. In an gama kiɗa ka sassauta ɗaurin ƙugu, ka sa kalangun a buhun yadi, ka rataye shi da igiya daga azara, nesa da bango, inda ɓera ba zai samu matakala ba.