Kayan gyaran tsohuwar Peugeot 504 a gida: shawarar makanikan garin Garwa na Kamaru

Bakinsu ya zo ɗaya a kan sifana: a sayi saiti mai awon milimita, daga lamba 8 zuwa 19, domin motar Faransa ba ta san inci ba. Gara tsohuwar sifana mai ƙwari da sabuwa mai araha, wadda ke cinye kan noti.

Sun fi daɗewa a kan jak. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, sai an tokare da ƙafafun ƙarfe, kuma ba a kan yashi ba.

Notin da ya yi tsatsa a jiƙa shi da man sassauta tsatsa, ya kwana.

Sayen injin walda kam an yi gardama a kai. Mafi yawa suka ce a kai wa mai walda aikin, ni ma ra'ayina ke nan, tunda wutar lantarki ba ta da tabbas.